Minti Talatin Bayan Naushi: Nazarin Lamarin Michael Watson

Ɗan ƙanwata ya shafe shekara biyu yana koyon damben zamani a wani ɗakin motsa jiki da ke Sabon Gari a nan Zariya, kuma kwanakin baya ya zo gida da labarin cewa an fara yi masa maganar shiga sahun ƙwararru, waɗanda ke dambe don kuɗi da neman kambu. Albarka ya zo nema. Ni kuwa na ga bai dace in sa masa albarka ko in hana shi ba sai na zauna na bi diddigin lamari guda ɗaya tun daga tushe har ƙarshe, domin in gane ainihin inda haɗarin yake. Lamarin da na zaɓa shi ne na Michael Watson, ɗan damben Birtaniya da ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa a 1991 yana neman kambun duniya. Na zaɓe shi ne saboda kotu ta binciki abin da ya faru a wannan dare daki-daki, ta saurari likitoci da jami'an dambe, don haka abin da aka sani game da shi ya wuce hirar 'yan kallo.

An haifi Watson a Landan a 1965. Tauraruwarsa ta haska ne a watan Mayu na 1989, lokacin da ya kwantar da Nigel Benn a turmi na 6 ya karɓe kambun ƙasashe rainon Ingila na ajin matsakaicin nauyi, alhali kafin wannan rana babu wanda ya taɓa doke Benn. A 1990 ya nemi kambun duniya na WBA, ɗaya daga cikin hukumomin damben duniya, a hannun Mike McCallum, ɗan ƙasar Jamaika, amma aka kai shi ƙasa a turmi na 11. A watan Yuni na 1991 ya sake gwada sa'arsa, wannan karon da Chris Eubank, a kan kambun duniya na wata hukumar, WBO. An yi turmi 12 cif, alƙalan maki biyu suka ba Eubank nasara, na ukun ya ce kunnen doki aka yi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kalli wasan sun tafi gida da yaƙinin cewa an zalunci Watson. Ƙorafin da ya biyo baya shi ya sa aka gaggauta shirya karo na biyu bayan wata uku kacal, a aji na gaba mai nauyin kilo 76, inda kambun WBO yake babu kowa a kai. Mutumin da ya shiga fage a wannan dare, saboda haka, mutum ne mai shekara 26 da ya nemi kambun duniya sau biyu bai samu ba, wanda kuma ya ƙudurta a ransa cewa ba zai sake barin hukunci a hannun masu rubuta maki ba.

An yi karawar a daren Asabar, 21 ga Satumba 1991, a filin ƙwallon White Hart Lane na ƙungiyar Tottenham da ke arewacin Landan. Watson ya canja salo gaba ɗaya, ya daina jira ya riƙa matsa wa Eubank lamba turmi bayan turmi, har aka shiga turmi na 11 yana kan gaba a maki. Gab da ƙarshen wannan turmi ya kai wa Eubank naushin dama ya durƙusar da shi. Eubank ya miƙe, alƙalin wasa Roy Francis ya ba da izinin a ci gaba, sai ya tako ya ɗago naushi guda daga ƙasa ya sauke shi a haɓar Watson. Watson ya faɗi da baya, ƙeyarsa ta bugi igiyar fage. Shi ma ya miƙe, ƙararrawa ta kaɗa, aka koma kusurwa hutun minti ɗaya.

Wannan minti ɗaya ya daɗe yana ci mini rai. Saura turmi guda, wato minti uku, Watson ya zama zakaran duniya in dai ya iya tsayawa da ƙafafunsa. Masu kula da shi sun san haka, shi ma ya sani, dubban mutanen da ke ihu a filin sun sani. Ban ga laifin kowa ba a nan, domin abin da ke faruwa a cikin kansa ba abu ne da ido zai iya gani ba, amma dole a faɗi gaskiya cewa duk wani abu da ke cikin filin a wannan lokaci yana tura shi ne ya koma fage, babu abin da ke jan sa baya. Ya fito turmi na 12 ƙafafunsa babu ƙwari, Eubank ya rufe shi da naushi, kafin a cika rabin minti alƙalin wasa ya shiga tsakani ya tsayar da wasan. Watson ya koma kusurwarsa, yana zaune a kan kujera ya sulale ya suma.

Kafin a bi abin da ya biyo baya, yana da kyau a fahimci abin da naushin ya yi. Duk wanda ya taɓa fasa kan rago da Babbar Sallah ya ga irin laushin ƙwaƙwalwa, yadda yatsa ke nutsewa a cikinta ba tare da wani ƙarfi ba. Ta ɗan Adam ma haka take, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, tana zaune cikin wani ruwa a ƙoƙon kai, lulluɓe da tantani hawa uku, wanda na wajensu shi ne mai kauri kuma yana manne da ƙashi. Tsakanin saman ƙwaƙwalwar da wannan tantani mai kauri akwai wasu siraran jijiyoyin jini da suka ratsa kamar gada. Idan naushi ya sauka a haɓa, kai yakan juya da matuƙar sauri, ƙashi ya riga ƙwaƙwalwa tafiya, sai jijiyoyin nan su miƙe har su tsinke, jini ya fara taruwa a ƙarƙashin tantanin. Safar hannu ba ta hana wannan juyawa. Amfaninta shi ne ta kare ƙasusuwan hannun mai naushi ta kuma rage tsagewar fata, wanda hakan ma ke ba ɗan dambe damar ya yi ta dukan kai har tsawon minti 36 ba tare da hannunsa ya karye ba.

Matsalar ita ce ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Idan ƙafa ta kumbura tana da wurin zuwa, amma jinin da ya taru a cikin kai ba shi da mafita, sai dai ya danne ƙwaƙwalwa ya tura ta gefe, sannan ya tura ta ƙasa ta matse gindinta, inda nan ne ake sarrafa numfashi da bugun zuciya. Saboda jinin a hankali yake taruwa, mutum zai iya miƙewa, ya yi magana, har ya ci gaba da dambe na ɗan lokaci kafin ya faɗi, kuma wannan ɗan tsakani shi ke yaudarar mutane su ɗauka ya warware.

Likitoci sun kasa irin wannan rauni gida biyu. Akwai ɓarnar da naushin kansa ya yi a daidai lokacin da ya sauka, wadda babu likitan da zai iya mayar da ita baya. Akwai kuma ɓarna ta biyu, wadda ke faruwa a mintocin da suka biyo baya: wanda ya suma harshensa kan koma baya ya toshe hanyar iska, numfashinsa ya yi rauni, iskar oksijin ta ragu a jini, gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar ta taru, jijiyoyin ƙwaƙwalwa su buɗe, kumburi ya ƙaru, kumburin kuma ya ƙara danne numfashin. Haka abin zai yi ta zagayawa yana cin sassan ƙwaƙwalwar da naushin bai taɓa ba. Wannan ɓarna ta biyu ana iya rage ta ƙwarai, kuma abin da ake buƙata ba wani abin al'ajabi ba ne: bututun da za a zura a maƙogwaro domin iska ta wuce, tukunyar oksijin, allurar rage kumburi, da ƙwararren da ya saba yin wannan aiki cikin gaggawa. Lamarin Watson kacokan a kan wannan kashi na biyu ya rataya.

Da wasan ya tsaya, hargitsi ya ɓarke a cikin fage da wajensa, mutane suka cika wurin. Akwai likitoci a filin kamar yadda dokar hukumar dambe ta tanada, amma sai da aka shafe kimanin minti 7 kafin ɗaya daga cikinsu ya duba shi. Ko da aka duba shi ɗin, babu kayan taimaka wa numfashi a bakin fage, kuma dokar ba ta wajabta a ajiye wanda ya ƙware a kansu ba. Aka ɗauke shi zuwa motar ɗaukar marasa lafiya, aka nufi asibitin North Middlesex da ke kusa, inda aka isa kusan rabin sa'a bayan tsayar da wasan. A can ne aka fara zura masa bututun numfashi, aka ba shi oksijin da allurar rage kumburin ƙwaƙwalwa. Sai dai wannan asibiti ba shi da sashen tiyatar ƙwaƙwalwa, don haka aka sake sa shi a mota, har yanzu a sume, zuwa asibitin St Bartholomew's da ke tsakiyar Landan, inda likita Peter Hamlyn ya buɗe kan ya kwashe jinin da ya taru. An ceci ransa, amma kafin wuƙar tiyata ta iso aikin gama ya gama a wani babban sashe na ƙwaƙwalwarsa.

Abin lura a nan shi ne duk wannan ya faru ne a Landan, birnin da ke cike da manyan asibitoci, a wasan neman kambun duniya da miliyoyin mutane ke kallo a talabijin. Ba a rasa kuɗi ba, ba a rasa likitoci ba, ba a rasa mota ba. An tanadi komai domin wasan, amma babu wanda ya zauna ya tsara abin da za a yi daga daƙiƙar da mutum ya faɗi zuwa lokacin da zai kwanta a gadon tiyata.

Watson ya yi kwana 40 cikin doguwar suma, aka yi masa tiyata sau 6, ya shafe fiye da shekara guda a hannun likitoci, sannan ya yi kimanin shekara 6 a keken guragu, ɓangaren jikinsa na hagu a shanye. Sai da ya sake koyon magana da tafiya kamar yaro. A watan Afrilu na 2003 ya shiga gudun fanfalaki na Landan mai nisan kilomita 42, ya taka shi da ƙafa cikin kwana 6, yana tafiyar sa'a biyu da safe, sa'a biyu da yamma, domin tara kuɗi ga wata gidauniya ta masu lalurar ƙwaƙwalwa da laka. Likitan da ya yi masa tiyata ya raka shi, Eubank ma yana wurin a ƙarshen tafiyar. Mutane da yawa a nan suke tsayar da labarin domin wurin yana da daɗin ji, kuma ni ma ina girmama wannan juriya matuƙa, amma bai kamata a manta cewa mutumin da ke jan ƙafa a titin Landan yana da shekara 38 shi ne wanda shekara 12 da suka wuce yake cikin waɗanda suka fi kowa ƙarfi da lafiya a ƙasarsu.

Watson ya kai ƙarar Hukumar Kula da Dambe ta Birtaniya, ba Eubank ba. Wannan bambanci shi ne zuciyar shari'ar. Hukumar ta kare kanta da cewa ita ba mai neman riba ba ce, ba ita ta shirya wasan ba, ba ita ta ɗauki likitocin aiki ba, kuma duk ɗan dambe ya san haɗarin sana'arsa kafin ya hau fage. Ta kuma yi musun cewa kulawar gaggawa za ta iya canja sakamakon. A watan Satumba na 1999 Babbar Kotu, ta bakin mai shari'a Ian Kennedy, ta yanke hukunci cewa hukumar ta yi sakaci, domin ya kamata dokokinta su wajabta ajiye kayan farfaɗo da numfashi a bakin fage tare da wanda ya iya aiki da su, kuma da an yi hakan, da halin da Watson ya tsinci kansa a ciki ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. Hukumar ta ɗaukaka ƙara, amma a watan Disamba na 2000 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin. Hujjar da aka kafa tana da sauƙin fahimta: hukumar ce ke da iko a kan dokokin wasan baki ɗaya, babu wanda zai yi damben ƙwararru a ƙasar sai da lasisinta, 'yan dambe sun dogara da ita wajen tsara lafiyarsu, kuma a dambe rauni a kai abu ne da ake sa ran faruwarsa, ba tsautsayin da ke zuwa ba zato ba. Ɗan dambe ya yarda abokin karawarsa ya doke shi, amma bai yarda a bar shi kwance babu iska ba. An ƙiyasta diyyar a kusan fam miliyan ɗaya, sai dai hukumar ba ta da ƙarfin biya, aka daidaita a kan fam 400,000, ta sayar da ofishinta na Landan ta koma birnin Cardiff.

Tun kafin a gama shari'ar dokokin Birtaniya sun fara canjawa. Aka wajabta likitan da ya ƙware wajen sa majiyyaci barci da kula da numfashinsa ya zauna a bakin fage, da jami'an agajin gaggawa, da oksijin, da motar da ke jira, aka kuma wajabta a sanar da sashen tiyatar ƙwaƙwalwa mafi kusa tun kafin a fara wasa, daga baya aka ƙara da ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar kowane ɗan dambe duk shekara. An ga amfanin wannan a watan Mayu na 1998, lokacin da Spencer Oliver ya samu irin wannan rauni yana kare kambunsa na Turai a zauren Royal Albert Hall. A cikin fagen aka fara kula da numfashinsa, aka wuce da shi kai tsaye inda za a yi masa tiyata, ya farfaɗo da hankalinsa da gaɓoɓinsa, har ya zama mai sharhin dambe a kafafen watsa labarai. Rauninsa da na Watson iri ɗaya ne, bambancin kawai yadda aka yi amfani da mintocin farko.

Duk da haka zai zama rashin adalci ga mai karatu in nuna kamar shiri yana kawar da haɗarin. A watan Fabrairu na 1995, a Landan ɗin dai, Gerald McClellan na Amurka ya durƙusa a turmi na 10 a karawarsa da Nigel Benn a kan kambun duniya na hukumar WBC. An kula da shi cikin hanzari, an yi masa tiyata a daren, amma ya tashi makaho, jinsa ya ragu ƙwarai, tunaninsa ya taɓu har abada. A watan Agusta na 2025 kuma 'yan dambe biyu na ƙasar Japan suka rasu bayan sun fafata a dare guda a zauren Korakuen da ke Tokyo, duk da an yi wa kowannensu tiyata, kuma ɗaya daga cikinsu, Shigetoshi Kotari, sai da ya kammala turmi 12 na neman kambu aka tashi kunnen doki kafin ya faɗi.

Idan aka jera waɗannan lamura sai a ga abu ɗaya yana maimaituwa, wato turmin ƙarshe-ƙarshe na wasan kambu. Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu a turmi na 14 ya faɗi a hannun Ray Mancini a Las Vegas a watan Nuwamba na 1982, ya rasu bayan 'yan kwanaki, kuma mutuwarsa ce ta sa WBC ta rage wasannin kambu daga turmi 15 zuwa 12, sauran hukumomin suka bi sahu kafin ƙarshen shekarun 1980. Namu na gida, Akeem Anifowoshe ɗan Legas, ya yi turmi 12 da Robert Quiroga a San Antonio a watan Yuni na 1991 a kan kambun duniya na hukumar IBF, ana gama sanar da sakamako ya yanke jiki ya faɗi, aka yi masa tiyatar cire gudan jini a ƙwaƙwalwa, ya rasu a 1994. Dalilin a bayyane yake. A wasan kambu akan haɗa mutum biyu ne da ƙarfinsu ya zo kusan ɗaya, waɗanda aka tace daga cikin ɗaruruwa saboda ba sa faɗuwa da wuri. Rago yakan faɗi a turmi na biyu ya tafi gida lafiya. Jarumi shi ne ke shanye naushi na rabin sa'a, wuyansa ya gaji ya daina riƙe kai da kyau, ƙishirwa ta kama shi, sannan babban naushin ya same shi a lokacin da jikinsa ba shi da sauran kariya. Halin da ke kai mutum ga neman kambu shi ne dai halin da ke hana shi zama a kujera idan lokacin zama ya yi, shi ya sa ba a barin wannan hukunci a hannunsa.

Eubank da kansa ya nuna ya ɗauki darasin. A watan Maris na 2016 ɗansa, Chris Eubank ƙarami, yana karawa da Nick Blackwell a kan kambun Birtaniya, uban ya hau kusurwa tsakanin turmi ya umarci ɗan nasa ya bar dukan kai ya koma jiki, domin ya ga abin da ya taɓa gani shekara 25 da suka wuce. An tsayar da wasan a turmi na 10 bisa shawarar likita, Blackwell ya suma, aka tarar jini ya zuba a kansa, amma ya rayu.

Mu a ƙasar Hausa dambe ba baƙonmu ba ne, kuma a wata fuska dokar damben gargajiya ta fi ta zamani tausayi. Turmi uku ake yi, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, babu wanda zai tsaya yana ƙirga wa mutum goma domin ya tashi a ƙara masa. Da da wannan doka aka yi wasan White Hart Lane, da an tashi tun lokacin da Eubank ya durƙusa. Amma hannun da aka naɗe da zare ya zama kamar dutse, ƙasar fage kuma ba ta da laushi, sannan abin da muke yi bayan mutum ya faɗi shi ne inda muke da babban rauni.

Wata kaka, shekarun baya, na je kallon dambe a wani fage da ke bayan gari, na ga an kashe wani matashi da naushi a muƙamuƙi, ƙeyarsa ta daki ƙasa har muka ji ƙarar daga inda muke zaune. Abokansa suka ruga suka sheƙa masa ruwa, suka ɗaga shi tsaye suna jijjiga shi, ya buɗe ido, 'yan kallo suka yi tafi, makaɗa suka ci gaba da kiɗa. Aka zaunar da shi a bayan rumfa kusa da ni. Bayan kamar kwata na sa'a ya fara amai, yana dafe kai, ana yi masa magana yana amsa abin da ba a tambaye shi ba. Wani ya ce jiri ne, a ba shi fura. Wani dattijo ya ce hannun abokin karawar ba haka kawai yake ba, a nemo mai tofi. Sai da ya sake sulalewa aka tsayar da keke napep aka cusa shi a ciki, kansa na lilo a cinyar abokinsa, kuma gida aka nufa da shi. Ya rayu, amma bai sake shiga fage ba, kuma da na gan shi a kasuwa bayan shekara guda harshensa ya yi nauyi. Ina wurin, na ga komai, ban ce uffan ba, domin a lokacin ban san abin da nake gani ba. Wannan shirun nawa har yau yana damuna.

Abin da na gani a ranar shi ne ɗan tsakanin nan da aka bayyana a sama. Amai bayan bugun kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake tada mutum da ƙyar, magana mai sarƙewa, baƙin ido ɗaya ya fi ɗayan faɗi, hannu ko ƙafa ta gefe guda ta saki, ko jijjiga irin ta farfaɗiya, kowanne daga cikinsu ya isa a ɗauka jini na zuba a ciki har sai hoton ƙwaƙwalwa ya nuna akasin haka. Ba a ɗura wa irin wannan mutum ruwa ko fura, domin zai iya shaƙewa. Ba a jijjiga shi, ba a tsayar da shi da ƙarfi. Akan kwantar da shi ta gefe tare da tallafe kai da wuya su zauna a miƙe, a tabbatar iska na shiga, sannan a nufi asibitin da ke da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa kai tsaye, ba a tsaya a kemis ko ƙaramin asibitin unguwa ba, domin tsayawar da aka yi da Watson a asibitin da ba zai iya yi masa aiki ba tana cikin abin da ya ci lokacinsa. Mu a Zariya Allah ya yi mana gata da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda garuruwa da yawa a Arewa ba su da irinsa a kusa. Amma kasancewar asibiti a gari ba ta wadatar ba idan babu mota a bakin fage, babu oksijin a cikinta, kuma babu wanda ya kira ya sanar cewa yau da daddare akwai dambe.

Na zaunar da ɗan ƙanwar tawa na ba shi wannan labari kamar yadda na rubuta shi a nan, na ce masa kafin ya sa hannu a kowace takarda ya tambayi masu shirya wasan ko likitan da za su kawo ya iya zura bututun numfashi, ko akwai oksijin a wurin, da kuma asibitin da aka yi magana da shi. Ya ce, “Kawu, in na yi waɗannan tambayoyi za su ce tsoro nake ji.” Na ce masa Watson bai ji tsoron kowa ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan La'asar muka shiga motata daga ƙofar ɗakin da yake atisaye, shi yana riƙe da waya yana duba lokaci. Muka bi ta Kwangila, inda manyan motoci suka tsayar da mu, muka wuce Palladan da Samaru, ban tsaya ko'ina ba har ƙofar asibitin Shika. Ya duba wayar ya ce minti 34. Ya yi shiru na ɗan lokaci yana kallon masu shiga da fita, sannan ya ce, “Kawu, ashe mun wuce na Watson, kuma ko ɗaukata ba a yi ba tukuna.” A hanyar komawa ya roƙe ni in raka shi ranar da zai je wurin masu shirya wasan, na ce masa zan je, amma sai mun fara biyawa ta wurin mahaifiyarsa.